Golan Jibiya da Anka Cire Daga Labari

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Wannan takarda ta fito daga bakin tsohuwa mai fura ta bakin kwastan, nan Jibiya, zuwa ga ɗan Inna. Gaisuwa mai yawa da addu'a, da fatan ƙasar da ta rufe ka ta yi maka sauƙi, ko wace ƙasa ce.

Malam Garba ticha ke rubutawa, don ni allona bai wuce ƙananan surori ba. Ya ce ƙa'idar takarda a fara tambayar lafiyar wanda anka aika mawa. Na ce mashi shi bari, ba a tambayar mamaci kwanan gida. Ni dai lafiya lau, sai gwiwa. Ƙanwarka Hanne na can Farfaru, ta ƙara haihuwa. Katangar bayan ɗaki ta faɗi da damina, ban tashe ta ba, babu abin sata a ciki.

Ba ka san Malam Garba ba, bayan tafiyarka anka kawo shi makarantar garin nan. Shi ne za shi karanta takardar nan a rumfar Tanko tela ran kasuwa, in mutane sun cika. Don haka in ka ji ina faɗa maka abin da ka riga ka sani, ka yi haƙuri. Akwai masu kunne a bayana.

Ga abin da ya sa. Kullum bayan azahar nakan kai fura rumfar Tanko, yadda ka bar ni ina yi. Kwanan nan ba su da zance sai na ƙwallonku. Malam Garba ya taso da shi. Shina da rediyo, ya ji wai can ƙasar Turawa wasu da ba a san da su ba sun ka da manyan 'yan ƙwallo, duniya ta ɗauka. Tanko ya tsai da keken ɗinki ya ce ai mu nan mun riga su, mun ci 'yan birni, mun ɗauki kofin lardi ba takalmi. Daga nan anka shiga gardamar abubuwan mamaki da anka taɓa gani a fage, wanne ke gaba da wanne.

Audu mahauci ya ce babu kamar ranar da ɗan kokawar nan na Riko, ɗan tsurut kamar ba shi cin tuwo, ya ka da ƙaton ƙasar Maraɗi wanda bayanshi bai taɓa sanin ƙasa ba. Wani ya kawo goɗiyar Bafillatanin nan mai ɗingishi da ta tsere ma dawakin attajirai a sukuwa. Wani ya tuno da bahagon ɗan dambe. Kowa da nashi, kowa kuma ya rantse shina wurin, har da waɗanda na san lokacin suna goye.

Malam Garba ya ce shi a ganinshi ƙwallon Jibiya ke gaba. Ya ce a kokawa santsi na iya ka da mutum, a sukuwa doki na iya tuntuɓe, amma a tsare 'yan birni tun daga busar farko har ta ƙarshe ba su jefa ko ɗaya ba, wannan ba tuntuɓe ba ne. Ya ce za shi koya ma yaran makaranta labarin. Sai ya tambaya, da zuciya ɗaya, ya ce to wa ya tsare maku gida ran nan?

 Audu ya sa kai cikin ƙwaryar furarshi. Tanko ya tsaya neman allura wadda ke hannunshi, sannan ya ce: “Malam, ai karɓa-karɓa munka yi, kowa ya ɗan tsaya.”

Ina tsaye da ludayi. Na buɗe baki. Babu abin da ya fito.

Kai ka san dalili, amma bari in faɗa don ticha da yaranshi. Kai ne na fari. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yaba shi, ba ta nuna ta san da shi gaban mutane. Haka uwata ta yi ma yayana, haka tata uwar ta yi. Tun ranar da anka raɗa maka suna bakina bai taɓa ɗaukarshi ba. Ɗan Inna nike ce maka, don Inna uwata ita ta goye ka. Kai ko Yaya kake ce mani, kamar ciki ɗaya munka fito. Ban taɓa ganin laifin wannan ba. Sai ran nan a rumfa na duba na ga duk garin nan mutum ɗaya ya rage wanda ya damu a faɗi sunanka, shi ne kuma wanda anka hana.

Ubanka ya riga mu gidan gaskiya tun kafin ƙwallon. Waɗanda na haifa bayanka ƙasa ta karɓe, sai Hanne, ita ko ba ta zaman rumfa. Matarka ta fita ba ku aje ɗa ba. In na mutu da bakina a rufe, yaran makaranta za su tashi da sanin cewa gidan Jibiya shi ya tsare kanshi.

To bari in faɗi yadda anka yi.

Ku ba 'yan ƙwallo ba ne. Kai ɗan dako ne a tashar gyaɗa. Tanko tela, Audu mahauci, sauran masu jakai da masu faci da masinjan kwastan ɗaya. In kun tashi aiki ku tafi filin bayan kasuwa ku yi ta guje-guje kamar ba magidanta ba. Na sha faɗi cewa aikin banza ne, har yau ban janye ba.

Hannunka a tasha ka same shi. Ana jefo buhu daga kan mota kana cafewa, tun kana saurayi. Wanda ya saba tare buhun gyaɗa da ƙirji, mi fatar da anka hura ma iska za ta yi mashi?

Yadda kunka kai wasan ƙarshe ban sani ba, ban bi ba. Na dai ji kun ci waɗannan, kun ci waɗancan, sai ga shi an ce 'yan birni za su zo. Su kam ba a taɓa cin su ba. Malaman makaranta ne da akawuna, kowa da takalmi mai haƙora da safa har gwiwa, rigunansu iri ɗaya. Wai da can birni za a yi, sunka ce a bari su zo har gida su nuna ma mutanen ƙauye yadda ake yi. A mota sunka zo, da kofin a gaba wajen direba, don ba su ga amfanin sauke shi ba.

Ku ko Tanko ya ɗinka maku riguna da buhunan gishiri, ya kai marina anka tsoma. Rinin bai kama ba. Kafin a kai rabin wasa duk kun yi shuɗi har wuya.

Ranar na ɗauki ƙwaryata na tafi bakin fili. Kowa ya san ciniki ya kai ni, inda jama'a take nan fura take. Na zauna gindin ƙirya, na ba fili baya. Uwar ɗan fari ba ta kallon ɗanta shina wasa gaban gari. Amma wanda ya ba fili baya shina kallon fuskar masu kallo, ita ko fuska ba ta ɓoye komi. In na ga bakuna sun buɗe, an yi shiru, na san ƙwallo ya nufo ka. In na ga sun saki numfashi, wani ya dafe hula, na san ka kama. Haka na kalli wasanka, a fuskar mutane. Na dama ma wani fura ba nono, ya sha bai lura ba.

Yashin Jibiya ya taimake ku, ban hana ba. Takalmansu na nutsewa, ku kuna tafiya bisa kai kamar zabi. Ƙarangiya ko ba ta san tafin ƙafarku ba. Amma yashi bai tare ƙwallo. Sun buga ta sama, sun buga ta ƙasa, sun taru sun danne ka har ƙasa ta shiga bakinka. Wani dogo a cikinsu ya taka maka yatsu da takalmi, da gangan ko da kuskure Allah ya sani. Ka tashi ka yarfe hannu ka koma tsakanin azarorin da anka kafa maka a matsayin gida.

Tanko ya jefa ɗaya. Wannan gaskiya ne, ba ni hana mashi. Shi ya ce da ƙafa, waɗanda ke kusa sun ce a ƙeya ƙwallon ya buge shi shina gudu. Ko ma da mi ne, ya shiga.

Can rana ta yi sanyi sai na ga fuskoki sun ɓaci gaba ɗaya. Na ji ana cewa mai busa ya cuce mu. Wata mai ƙosai kusa da ni ta ce an aje ƙwallo gabanka, kowa ya ja baya, an bar ka kai kaɗai da dogon nan. Ta ce wannan ba a kama shi.

Nan na waiwaya. Sau ɗaya ke nan, kuma ban taɓa faɗa ma kowa ba sai yau. Na gan ka ka ɗan duƙa, hannu a buɗe, yadda kake tsayawa ƙarƙashin mota. Jini na bin yatsunka. Ya buga. Ka tashi sama ta gefe kamar an wurga ka, ka faɗi a kafaɗa, ƙwallon na ƙirjinka ka rungume shi. Na mai da kaina ga ƙwarya kafin wani shi gan ni.

Da anka busa tashi, mutanen gari sunka ɗauke ka bisa wuya. Sunka bi da kai ta kasuwa, ta tasha, har bakin kwastan, mutanen hayi ma, na ƙetaren iyaka ƙasar Faransa, da sunka zo kallo suna ta jefa huluna. Da anka zo wucewa ta gabana ka leƙo daga can sama. Ni ina wankin ludayi. Da yamma na dama maka fura da nonon da na hana masu saye, na aje bakin ƙofarka na wuce. Da safe na tarar da ƙwaryar a wanke, an kife ta. Iyakar maganar da munka yi a kan ƙwallon ke nan, ni da kai, kuma ta ishe mu.

Kofin anka kai rumfar Tanko anka ɗora bisa akwati. Na leƙa na gan shi. Ko furar mutum biyu ba shi ci. Amma mutane daga garin Kusa, daga Riko, har daga hayi sunka riƙa zuwa suna taɓa shi. Kwanakin nan ko jakin Jibiya da taƙama shike tafiya.

Ba a daɗe ba sai ga akawu daga birni. Wai akwai doka, ba mai buga ma lardi sai wanda anka haifa cikin lardi. Wai an kai masu labari golan Jibiya talakan Faransa ne. Wani cikinsu ya san ka a tasha, ya ga kana yi ma direbobin hayi tafinta da jandarmomi, dogaran Faransa.

Tanko ya riga akawun zuwa gidana. Ya durƙusa, abin da bai saba ba, ya ce: “Gwaggo, in an tambaye ki, ki ce a Kusa kinka haife shi. Kalma ɗaya ce.” Na ce mashi na ji.

A zauren mai gari anka kira ni. Akawun yaro ne, da alƙalami a kunne. Ya ce ke ce uwar golan? Ba a yi ma mace wannan tambaya gaban maza. Dattawa sunka amsa mashi. Ya ce ina anka haife shi? Kafin in yi magana ya sa anka ɗauko Alƙur'ani anka aje gabana.

Na ce ɗakin uwata. Ya ce ina ɗakin yake? Na ce inda shike tun kafin Nasara su zo su ja igiyarsu tsakanin gonarmu da rijiyarmu. Haihuwar fari gida ake zuwa, kowa ya sani. Da cikina ya tsufa ubanka ya ɗora ni a jaki ya kai ni garinmu, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a hanya ba. Can na haihu, can na yi wanka, na dawo na bar ka wajen Inna har ka yi wayo. Na ce ma akawun, kai ma in na fari ne, ka koma ka tambayi uwarka inda ta sauke ka. Ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ya rubuta.

Na ce masu nan kake biyan haraji, nan kabarin ubanka yake, nan ka yi kaciya. Ya ce duk ya ji, amma doka haihuwa ta ce.

Ɗan Inna, ba gafara na zo nema a kan wannan ba. Ko gobe anka aje Littafin Allah gabana, abin da za ni faɗi ke nan. Kai ma ba ka taɓa ce mani don mi ba. Cikin su Tanko da ke zaune suna saurare, na san uwayen da sunka haye hayi haihuwa kamar ni, ni na raka wasu. Ba a dai tambaye su ba.

Motar da ta kawo kofin ita ta zo ta mai da shi. Wannan karon ba wanda ya fito kallo.

Ba wanda ya zage ka, ba wanda ya ɗaga maka hannu. Da ma sun yi, da ka rama an wuce wurin. Sai dai gaisuwa ta gajarce. In ka shigo rumfa zance ya koma na farashin gero. Da yamma su wuce ta tasha za su fili, ba mai kiranka. Sun sa wani ɗan faci a gidan, ana ta zura mashi. Kai ko kana tare buhunanka, ka dawo ka zauna bakin ƙofa kana gyaran igiya wadda ba ta lalace ba.

Wata safiya ka zo ka tsuguna nesa da ni kaɗan, yadda ka saba, ka ce: “Yaya, za ni hayi wajen kawu in kwana biyu.” Na ce to. Na ƙulla maka dakuwa a tsumma na aje bisa turmi, ka ɗauka. Ka wuce ta gaban kwastan da sandarka a kafaɗa. Rigar gishirin nan ce a jikinka, shuɗinta ya koɗe. Inda nike zama ana hango hanya har ta shige cikin geza. Ranar ban ba hanya baya ba.

Sauran a bakin kawunka na ji. Ka iske ana kamun soja a hayi. Kumandan Faransa ya aiko kowane gari shi ba da samari. Mai garin ya duba, kowa da ubanshi, kowa da gonarshi, ga kuma wani dogo mai ƙarfi, ba mata, ba gona, ɗan ƙasar Ingilishi da ya zo kwana biyu. Wa za shi yi kuka in an ba da shi? Nan sun ce kai na can ne, can sun ce kai na nan ne. Inda anka tashi ɗaukar rai ne kawai ba a tambayi ɗakin da anka haife ka ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Rannan wani mutum ya sauka daga motar hayi, da tsohuwar rigar soja, ya tambayi mai fura uwar wane. Ya faɗi sunanka gatsau, a kasuwa. Na ce mashi shi zauna. Ya ce tare kunka shiga jirgin ruwa, zuwa wata ƙasa da ya faɗi sunanta sau uku ban riƙe ba. Ya ce ba harsashi ba ne, ciwon ciki ne, a bariki. Musulmin da ke wurin sun yi maka salla. Kabarin ko shi kanshi ba shi iya komawa gare shi.

Ya ce can ma ana buga balo, haka su ke ce ma ƙwallo. Wai da Nasaran sunka ga hannunka sai sunka ba ka takalmi mai haƙora. Ka sa, ka yi taku kaɗan, ka tuɓe ka aje a gefen fili, ka tsaya da ƙafarka. Ya yi dariya da ya zo nan, ni ma na yi. Ya sha fura, ban karɓi komi ba, ya tafi.

Mata sunka zo gaisuwa. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gani. Na ce masu Allah shi ji ƙan musulmi, na ci gaba da dakana. Su Tanko sun zo, sun yi fatiha, sun tashi da sauri. Geron da na daka a kwanakin nan ya yi laushi har ba shi dunƙuluwa, na zuba ma kaji.

Daga nan sunanka ya fara fita daga labarin. Ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan. Da farko su ce golanmu. Daga baya su ce wani yaro ɗan hayi. Yanzu karɓa-karɓa. Na gane abin da ke ransu, ni ba yarinya ba ce. In an faɗe ka sai an faɗi akawu, sai an faɗi motar da ta mai da kofi, sai an faɗi yadda sunka bar kiranka. In an cire ka labarin ya yi daɗi, an ci, an ɗauki kofi, an yi kiɗa, a tashi. Ba mugaye ba ne. Kunya suke ji. To ni ma kunyar ce ta rufe mani baki, sai na ga in kowa ya riƙe tashi, kai ne za ka ɓace tsakani.

Tunda jeri suke yi, ga nawa, ko da ba a tambayi mai fura ba.

Ɗan kokawar Riko na san shi. Ya ka da ƙatonshi, an ba shi doki da riga, ya mutu da furfura jikoki na yi mashi fifita, har yau ana nuna gidanshi. Goɗiyar Bafillatani ta koma rugarsu ta ci dusa. Bahagon ɗan dambe ga shi can kasuwa shina sai da fata, kowa ya wuce sai ya kira shi. Duk sun yi abin mamaki, kuma duk an biya su.

Na Turawan da rediyo ta faɗi ban gani ba. Amma na tambayi Malam Garba, na ce waɗancan da sunka ci, an karɓe masu kofin? Ya ce a'a. An tambayi uwayensu inda sunka haihu? Ya ce bai ji ba. Sun koma gida? Ya ce sun koma, har an tarbe su. Na ce to su bi baya.

Naku ke gaba. Ba don na san ƙwallo ba. Don an ci 'yan birni da ƙafa tsirara da rigar gishiri, gari duka ya gani, kuma babu akawun da ya iya rubuta cewa ƙwallon ya shiga bayan bai shiga ba. Kofi sunka ɗauka, ƙarfe ne. Wanda ya tsaya tsakanin azarorin nan da yatsu a fashe, shi ya biya kuɗin wannan rana, shi kaɗai, da duk abin da ya mallaka. In za a sa ta gaba a sa ta da shi. In ba za a faɗe shi ba, Tanko, ku bar zancen, ku koma na goɗiya.

Ɗan Inna, ban taɓa ɗaukar ka gaban mutane ba. Amma akwai lokacin da Inna kan tafi rijiya ta bar ka kwance bisa tabarma, ba kowa a gidan. Nakan ɗauke ka in duba yatsunka ɗaya-ɗaya. Tun lokacin hannunka ya fi na jarirai. In na ji tafiyarta sai in aje ka in koma bakin murhu. Ina jin ta sani, don takan yi tari tun daga nesa.

Malam Garba ya ɗaga alƙalami shina jirana. Ya ce in ina so in aika a kira Hanne ta faɗa mashi, ko shi tambayi wani a tasha, ba sai na faɗi da bakina ba. Yaron kirki ne. Na ce a'a. In wani ya faɗi, gobe wani ya musa. In ni na faɗi, ba mai musawa a garin nan, don sun san abin da ya ci mani.

Rubuta, Malam. Wanda ya tsare gidan Jibiya ranar da anka ci 'yan birni, tun daga farko har ƙarshe, ba karɓa-karɓa, sunanshi Isuhu. Isuhu ɗan Barau, ɗan dako a tashar gyaɗa. Ni na haife shi.

Isuhu. Ashe ba shi da nauyi a baki. Da na sani haka ne, da ranar da ka ɗauki dakuwar nan na gwada ko sau ɗaya, ko da ka kai geza ne ba ka ji ba.

Allah shi gafarta maka, shi yalwata maka kabari a ƙasar da ban san sunanta ba. Allah shi sa waɗanda sunka yi maka salla su samu masu yi masu. Allah shi haɗa ka da Inna da ubanka, inda ba a tambayar kowa ta wane gefen igiya ya faɗo. Allah shi yafe ma su Tanko, shi buɗe masu baki. Ni kuma in tawa ta zo, Allah shi sa in cika da imani, in iske ka, in kira ka ka waiwayo. Amin.

Ƙwaryarka na nan a kife inda ka bar ta.

Daga wadda kake ce ma Yaya,
uwarka.